Akwatin Usaid a Kantin Lado

Jimeta, Nuwamba 2014

Zuwa ga 'yata Zuhra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata Jannat. Mu nan jam, lafiya lau, in ban da gwiwar nan da ta rantse sai ta ga bayana, da kunnen da kika sani. Jiya kin kira ni kina ta magana, ni kuwa abin da nake ji kamar sauro ya shiga kwalba. Shi ya sa na ɗauki biro. Daga yau Jerry direba zai riƙa kai miki takarda Zariya, ki ba shi amsa ya taho da ita.

Gogonku Hansai ta iso. Ta biyo daji ta Kamaru a ƙafa tare da mutanen unguwarsu, tafin ƙafarta duk ya fashe, amma tana cin tuwo tana faɗa, don haka za ta tashi. Ƙaninki Usaid ne ba mu gani ba. Ya tafi Mubi ɗauko ta ana gobe mutanen dajin nan masu bindiga za su shiga garin, sai suka yi saɓani a hanya. Wayarsa ba ta shiga. Na je sansanin 'yan gudun hijira, na je asibiti, na duba har inda ba a son dubawa. Ba ya nan.

Kada ki yi kuka tukuna, ɓingel am, 'yata. Da safen da zai tafi ya kawo akwatinsa na ƙarfe, mai kayan gyaran waya, ya ba ni ajiya a ɗakin baya na kanti. Na yaga masa ƙyalle kamar yadda ake yi wa kowa. Kullum sai na leƙa, akwatin yana nan inda ya dire shi. Muddin yana nan, ƙaninki yana numfashi. Ki riƙe wannan.

Bappanki,
Bobboyi

Zariya, Disamba 2014

Zuwa ga Bappa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi wa Gogo sannu da wahala. Na ba Jerry man shafawa na gwiwa, don Allah ka shafa, kada ka rabar wa telolin kanti kamar wancan.

Bappa, tun da takardarka ta zo ban yi barcin kirki ba. A asibiti ina ɗaura wa mutane ruwa hankalina yana wurinsa. Usaid kaɗai iyayenmu suka bar mini. Sun ƙi ba ni hutu sai bayan sabuwar shekara, in ba haka ba da tuni ina Jimeta.

Amma ban gane ƙarshen takardar ba. Ina ruwan akwatin ƙarfe da numfashin mutum? In wani labari ka ji kake ɓoye mini, ka faɗa mini kai tsaye, ni ba yarinya ba ce. Na tuna muna ƙanana in mun zo kanti ana korar mu daga ƙofar ɗakin nan, kuma na tuna ko a tsakiyar zafin Yola in ka tsaya a bakinsa sai tsikar jikinka ta tashi don sanyi. Ban taɓa tambaya ba. Yau ina tambaya.

'Yarka,
Zuhra

Jimeta, Janairu 2015

Zuhra,

Bayan sallama da gaisuwa. Man ya iso, useko, na gode. Gogo ta fara takawa har bakin ƙofa. Babu labari har yanzu, amma akwati yana nan.

Kin tambayi abin da ya kamata ubanki, Allah ya ji ƙansa, ya gaya muku tuntuni. To, gyara zama.

Ginin nan da kowa yake kira Kantin Lado, ba Lado ya gina shi ba. Turawan kamfani ne, tun Jimeta tana 'yar tashar jirgin ruwa, manya suna can cikin Yola suna ganin nan wurin leburori ne da 'yan tireda. Da damina in Binuwai ta cika, jirgi ya hauro da gishiri da atamfa da kananzir, ya koma da gyaɗa da kirgi da auduga. Babana Lado shi ne mai awo a bakin sikeli. Da yashi ya cinye kogin, jirgi ya daina zuwa, Turawa suka tattara nasu-ya-nasu, sai ya sayi ginin ya yanka shi shaguna. Teloli a gaba, kyamis a kusurwa, mai hoto a sama. Ɗaki ɗaya ne bai taɓa ba da haya ba, na can baya inda ake jibge kirgi. Har yau in aka yi ruwa sai ki ji warin fata yana fitowa daga bulon.

Tun zamanin jirgi fatake suke barin kaya a ɗakin nan. Lado bai yarda da takarda ba. In ka kawo ajiya sai ya yaga ƙyalle gida biyu, ya ɗaure rabi a jikin kayan, ya ba ka rabi. Ba a buɗe ajiya, ba a karɓar ko kwabo, kuma ba a hana wanda ya zo da ƙyallensa. Haka na gada, haka nake yi.

Shekarar da aka yi rikici 'yan kudu suka gudu, akwai wata Madam Virtue mai ɗinki a shagon gaba. Ta bar mana kekenta tana kuka. Ana cikin yaƙin basasa, wata rana da azahar, kasuwa ta yi tsit maza duk sun tafi masallaci, ni ina saurayi ina tsaron ƙofa. Ɗaga kan da zan yi sai ga ta tsaye cikin rana, da zanen da ta tafi da shi. Na yi mata sannu da zuwa, na tambayi yara, ba ta amsa ba. Ta miƙo ƙyalle ta ce, "Na zo ɗaukar kayana." Namu rabin ya koɗe ya yi ƙura, nata kuwa sabo fil kamar yanzu aka yaga. Na ɗora mata keken a kai, ta bi hanyar kogi.

Bayan yaƙi ɗanta ya zo neman keken. Ya ce uwarsa ta rasu da yunwa a daminar nan da na ce na gan ta, kuma ko ƙofar ƙauyensu ba ta fita ba. Lado ya sallame shi da sabon keke. Da ya tafi ya dube ni ya ce, "Ba ita ce ta farko ba."

Masu rai ma suna zuwa, da surutu da godiya, ƙyallensu ya yi baƙi da dauɗa. Amma ki shiga ɗakin ki duba, ba za ki sami ajiyar zamanin Lado ko ɗaya ba, alhali masu ita sun watsu duniya. Duk an zo an ɗauka. Babu wanda ya taɓa mutuwa ya bar kayansa a ɗakin nan. Yanzu kin gane abin da nake leƙawa.

Bobboyi

Jimeta, Afrilu 2015

Zuhra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya. Zuwan da kika yi ya yi wa Gogo daɗi, ko da yake kin ƙare shi a yawon sansani da hoton Usaid a hannu.

Ban manta da abin da kika gaya mini a bakin kanti ba, wai wanda ya mutu ba ya dawowa, ni ma na sani. Na sani mana! Ni ne zan koyi wannan a wurin 'yar da aka yi wa suna a gabana? Na tambayi malamai tun kafin a haife ki, sun ce aljanu ne suke ɗaukar kama. To, ko ma mene ne. Ni dai abin da ya faru zan gaya miki.

Kin ga yadda ɗakin ya cika har rufi da kayan mutanen Mubi da Michika da Madagali, katifu da kekunan ɗinki da tukwane. A ciki akwai injin ban-ruwa na wani Hosea, manomi daga Michika. Ranar da ya kawo shi sai da ƙarti biyu suka taya shi shigar da shi. Makon jiya da azahar, ina salla a bakin ƙofa kan buzu saboda gwiwa ta hana ni zuwa masallaci, ina sallamewa sai ga shi tsaye. Na ce, "Hosea, yaya iyali?" Shiru. Ya miƙo ƙyalle sabo fil, ya ce ya zo ɗaukar kayansa. Zuhra, kin san kunnena. Wallahi maganar nan na ji ta tar, kamar a cikin kaina aka yi ta. Ya shiga ya saɓa injin a kafaɗa shi kaɗai kamar buhun dusa, ya fita bai waiwaya ba.

Shekaranjiya matarsa ta zo daga sansani, wai za ta sayar da injin ta ciyar da yara. Ta ce ya koma gona ne ya kwaso dawar da suka bari, aka harbe shi a can. Maƙwabcinsu ne ya binne shi ya kawo mata hularsa. Na ce an ɗauka, ta yi mini kallon ɓarawo, ban ga laifinta ba. Ni da teloli muka haɗa mata abin da ya sawwaƙa.

Tun ranar in azahar ta gabato sai in kasa ɗauke ido daga ƙofa. Ina salla ina jin tsoron sallamewa. Akwati dai yana nan.

Bobboyi

Zariya, Mayu 2015

Bappa,

Ina gaisuwa. Mu duka lafiya, Jannat ta fara zuwa makaranta.

Na karanta takardarka a ɗakin hutun ma'aikata. Ban san abin da na yarda da shi ba kuma. Hankalina yana cewa wani ɗan'uwan Hosea ne mai kama da shi ya yi maka wayo. Zuciyata kuma ta ƙi ji. Kullum in aka kira azahar a nan sai in ga ƙofar ɗakin nan a idona.

Ina roƙonka abu ɗaya don Allah da Annabi. Na san dokar Kaka Lado, amma wannan ba ajiyar bare ba ce, ta ɗanka ce. Ko wa ya zo, ko da wace fuska ya zo, kada akwatin nan ya bar ɗakin. Ka sa masa sarƙa in ta kama. Ka yi mini alkawari a takarda in gani da idona.

Zuhra

Jimeta, Yuni 2015

Zuhra,

Kin ji bam ɗin da ya tashi a kasuwa. Gilasan mai hoto duk sun zube, bangon gaba ya tsage, amma namu babu wanda ya ji ciwo. Allah ya ji ƙan waɗanda suka tafi.

Ga alkawarin da kika nema: akwatin Usaid ba zai bar ɗakin nan ba ina raye. Ban taɓa karya dokar Lado ba, amma saboda ke zan karya.

Bobboyi

Jimeta, Maris 2022

'Yata Zuhra,

Assalamu alaikum. Ina fatan zafi bai kai muku kamar namu ba. Na ji Jannat ta ci jarrabawa, Allah ya yi albarka. Wannan takardar ba irin waɗanda na saba aiko miki ba ce, ta gaisuwa da ƙorafin gwiwa. Ki nemi wuri ki zauna, amma kada ki tsorata, alheri ne.

Kin san yadda kanti ya koma. Teloli sun ragu saura ɗaya, yara masu sayar da waya da masu cire kuɗi sun cika gaba da kiɗa, saman mai hoto ya zama wurin kallon ƙwallo. Ɗakin baya ya kusa zama wayam. Wasu sun zo da surutu sun ɗauki nasu, wasu sun zo da azahar. Tun da Gogo ta rasu aka sa 'yan haya a gidanmu na unguwar Makama, ni da akwatin nan muka rage.

Ran Talata da azahar ya zo.

Ina sallamewa na gan shi tsaye cikin rana. Ya rame kamar kara, gemu har da furfura, riga ba tasa ba. Amma tsayuwar ubanku ce, kafaɗa ɗaya a sama. Ya yi magana ban ji ba, sai da ya matso ya ɗaga murya. Ya ce, "Bappa, ni ne Usaid." Na ce ina ƙyallenka? Ya ce babu, an ƙwace komai a inda aka tsare shi. Wai mutanen daji ne suka fara riƙe shi, da ya gudo kuma hukuma ta sake tsare shi ana bincike.

Nan take Allah ya ba ni basira. Na ce a raina ashe bai gama mutuwa ba, shi ya sa ƙyallen bai zo hannunsa ba tukuna. Yana can wani wuri kwance tsakanin rai da mutuwa, wannan kamarsa ce ta riga shi zuwa. In na miƙa akwatin, ni na ƙarasa shi. Na tuna alkawarinki. Na tare ƙofa da jikina na ce, "Ban san ka ba. Babu ajiyarka a nan. Koma inda ka fito."

Har sunanki ya ambata, yana tambayar ina kike. Kai! Na ce a raina wannan masifar ba za ta taɓa zuwa kanki ba. Na juya fuskata bango ina karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya daɗe a tsaye, ina ganin inuwarsa a bango. Kafin mutane su fito daga masallaci ya tafi.

Hawaye na yi ta yi, don fuskar ɗana ce. Amma akwati yana nan, ɓingel am. Na cika miki alkawari. Ki ƙara addu'a, Allah ya tashi kafaɗarsa a duk inda yake.

Bappanki,
Bobboyi

Zariya, Maris 2022

Bappa,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka yafe mini, yau ba ni da bakin gaisuwa.

A tsaye na karanta takardarka a tasha, Jerry yana gefe. Da ya ga na zube ƙasa ya tambaye ni, na karanta masa. Sai ya dafe kai. Ya ce ranar Talatar nan da yamma wani ramamme mai furfura ya zauna a rumfar direbobi a tashar Jimeta, suka ba shi shinkafa da wake ya cinye, ya sha ruwa, ya yi la'asar a sahu tare da masu salla. Suka tambaye shi daga ina, ya ce shi jinin Kantin Lado ne, amma danginsa sun ce ba su san shi ba. Ya ce bai ga laifinsu ba, wa zai karɓi wanda ya fito daga daji? Jerry ya ɗauka irin masu taɓin hankalin nan ne da yaƙi ya bari, bai taɓa ganin Usaid ido da ido ba. Washegari ya ga ya hau bayan tirelar shanu mai zuwa kudu. Babu wanda ya san garin da ta nufa.

Bappa, matattu ba a ƙwace musu komai! Mai rai ne ya zo maka. Ya shekara bakwai yana riƙe da ƙofar nan a ransa, ita kaɗai ya san ba za a rufe masa ba. Yana zaton tsoronsa kake ji, ko kunyarsa. Ko gidan Makama bai nufa ba, ya ɗauka amsarmu ke nan mu duka.

Ni na rubuta "ko da wace fuska ya zo". Hannuna ne, ba zan ɗora maka kai kaɗai ba. Amma wallahi ban taɓa nufin Usaid da ƙafafunsa ba. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, ina jin tausayinka, duk a lokaci ɗaya.

Na ɗauki hutu ba tare da albashi ba. Jerry zai haɗa ni da direbobin shanu, zan bi kasuwannin kara na kudu ɗaya bayan ɗaya. Hoton da nake da shi na saurayi ne, ban ma san ko zai yi amfani ba. Na janye alkawarin da na sa ka yi. In ya dawo, ka rungume shi kafin ka tambaye shi komai.

Zuhra

Jimeta, Yuli 2022

Zuhra,

Assalamu alaikum. Jerry ya ce kin koma Zariya, kin rame, ba ki samo komai ba. Sannu. Ban iya rubuta miki ba duk watannin nan.

Ni ma na yi nawa yawon. Babu rumfar da ban shiga ba a tasha. Na je Vinikilang, na je Adarawo, duk inda aka ce an ga baƙo ramamme. Na gaya wa kowane direba, in ya gan shi ya ce masa Bappa ya san shi, tsufa ne da wauta. Yaran kanti sun sa cigiya a wayoyinsu. Har yau shiru.

Na daina rufe ɗakin baya. Na sa tabarma da buta a ciki, da kwanon abinci a rufe, kullum ana sake shi. Akwati yana nan, don haka yana raye. Ki bar ni da wannan, ko ba ki yarda ba, ita kaɗai ta rage mini.

Damina ta sauka, ɗakin sai warin fata. Da azahar ina shimfiɗa buzuna a bakin ƙofa kamar kullum. In na zo sallamewa sai in rufe ido, in buɗe a hankali, in fara duba ƙasa kafin in iya ɗaga kai. Na san zai dawo, Zuhra, ko ta wannan hanya ko ta waccan, ɗakin nan ba a bar masa kaya. Abin da nake tsoro shi ne in ɗaga kai in gan shi da rigar da ya tafi Mubi da ita, yana miƙo mini ƙyalle sabo. In haka ta faru ba ni da ikon hana shi kuma, ni zan ɗora masa akwatin a kai da hannuna.

Ki taya ni roƙon Allah ya dawo mana da shi hannu Rabbana, da furfurarsa da rigar aro, yana fushi da ni.

Bappanki,
Bobboyi